Ƙeyar Dijital ko Dunƙulalliyar Kyamara: Wace Ce Ta Dace da Aikinka?

Mai ɗaukar hoton da sana'a ta zauna masa a hannu yakan kai wani mataki da kyamarar da kowa ke riƙewa take daina gamsar da shi. Yana son hoton da za a buga shi ya cika bango ba tare da ya dushe ba, ko wanda za a ƙirga zaren aikin babbar riga a cikinsa ɗaya bayan ɗaya. A nan ne yake fara leƙen kyamarori masu matsakaicin girma, waɗanda sensarsu ta fi ta kyamarar yau da kullum faɗi. Da ya leƙa kuwa zai tarar hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce ƙeyar dijital, wani akwati mai ɗauke da sensa da allo da batir, wanda ake maƙala wa gangar jikin kyamara ta baya, a cire shi a mayar wa wata. Ta biyu ita ce dunƙulalliyar kyamara irin Fujifilm GFX ko Hasselblad X2D, wadda aka gina sensarta a cikinta. Dukansu suna ba da hoto mai ban mamaki, amma kowace da irin mutumin da take nema da irin aikin da take so.

Tsarin ƙeya gadon zamanin fim ne. Kamfanin Kodak ya fito da fim mai lamba 120 a 1901, kuma a kansa aka gina manyan kyamarorin situdiyo na ƙarni na ashirin. Lokacin da kamfanin Hasselblad na ƙasar Suwidin ya fitar da 500C a 1957, ya raba ta gida-gida: lens daban, gangar jiki daban, akwatin fim daban. Mai hoto na iya cire akwatin fim mai launi a tsakiyar aiki ya sa na baƙi da fari. 'Yan sama-jannatin Amurka da suka sauka a duniyar wata a 1969 ma akwatunan fim suka ciro suka dawo da su, suka bar kyamarorin a can don rage nauyi. Da dijital ta zo, sai masu ƙira suka ga gurbin sensa a shirye yake, wato inda akwatin fim ke zama. A farkon shekarun 1990 kamfanin Leaf ya fitar da ƙeya mai megafiksal 4, wadda sai ta ɗauki abu sau uku ta gilashin ja da kore da shuɗi kafin ta haɗa hoto mai launi. A 1993 aka kafa Phase One a birnin Kofanhagan na Danmak, kamfanin da ya zama jagoran wannan fage har ya sayi Leaf a 2009.

Dunƙulalliyar kuwa 'yar baya-bayan nan ce. Pentax ta gwada da 645D a 2010, amma kasuwa ba ta girgiza ba sai da Hasselblad ta fitar da X1D a 2016, Fujifilm kuma ta biyo da GFX 50S a farkon 2017. Waɗannan biyun na ƙarshe ba su da madubi a ciki, ana rataya su a wuya a yi yawo da su. A 2019 GFX100 ta zo da megafiksal 102 da na'urar rage girgiza, daga nan tambayar ta zama ta gaske: me ya rage wa ƙeya da zai sa mutum ya biya kuɗinta?

Girman sensa da girman kuɗi

Sensar kyamarar da ake kira mai cikakken fili milimita 36 ce da 24. Ta GFX da X2D kusan 44 ce da 33, wato ta ninka waccan sau 1.7 a faɗi. Ƙeyar Phase One IQ4 mai megafiksal 150, wadda ta fito a 2018, tana da sensa 53.4 da 40, kusan ninki biyu da rabi ke nan. Har yau babu dunƙulalliyar da ta kai wannan girman, don haka wanda yake son sensa mafi faɗi ba shi da mafita sai ƙeya. Sai dai mai saye ya lura, ba kowace ƙeya ce babba ba. CFV 100C ta Hasselblad, wadda ta fito a 2024, sensarta daidai take da ta X2D. Abin da take sayarwa shi ne damar hawa tsofaffin kyamarorin kamfanin da kyamarorin fasaha.

Girman sensa yana canja halin lens. Lens mai milimita 80 a kan babbar sensar IQ4 yana gani kamar 50 a kyamarar cikakken fili, a kan 44 da 33 kuwa kamar 63. Wanda ya ɗora ƙeya a kan tsohuwar 500C/M, wadda aka yi ta don fim murabba'i mai milimita 56, zai ga a gilashin leƙawa abin da ya fi wanda sensa za ta kama. Dole ya sa alamar iyaka a kan gilashin, in ba haka ba zai riƙa yanke kawunan mutane da hulunansu. Mai GFX ba ya sanin wannan matsala, domin abin da ya gani a allo shi ne abin da zai samu.

Ta fuskar kuɗi tazarar ba kaɗan ba ce. Lokacin da IQ4 ta fito, ita da gangar jikinta XF da lens ɗaya sun haura dala 50,000. GFX100S ta fito a 2021 a kan dala 6,000. Sayen ƙeya kuma kamar sayen doki ne, kuɗin da aka biya a kasuwa somin-taɓi ne, ɗawainiyar tana gaba: ƙafa-uku mai ƙarfi, fitilu, batura, kwamfuta mai ƙarfin gaske da rumbun ajiya.

Girgiza da kaifin hoto

A nan ne bambancin halin na'urorin biyu ya fi fitowa. Ƙwayar sensa mai megafiksal 100 ko 150 ba ta kai maikiron huɗu ba, saboda haka motsin da fim ke yafewa ita ba ta yafe shi. Tsohuwar ƙa'idar da ta ce mai lens 80 ya ɗauka a kashi ɗaya cikin 80 na daƙiƙa ba ta aiki a nan. In da hannu za ka riƙe ƙeya, ninka saurin sau uku ko huɗu, ka fara daga 1/250 zuwa sama. Ƙeya ba ta da na'urar rage girgiza, gangar jikin da take hawa kuma tana da babban madubi mai dukan ciki duk lokacin da aka danna. Don haka ga tsarin da duk mai ƙeya ya kamata ya mayar al'ada: ka kafa ƙafa-uku a ƙasa mai tauri, kada ka ɗaga sandar tsakiyarta, ka kulle madubi a sama, ka jira daƙiƙa biyu ko uku girgizar ta mutu, sannan ka danna da waya ko agogon jinkiri. Idan a daɓen katako kake ko a bene mai motsi, ka hana kowa takawa har sai an ji ƙarar rufewa.

Dunƙulalliya ta sauƙaƙa wannan duka. Ba ta da madubi, sensarta kuma tana motsi da kanta don ta cinye rawar hannu. Mutum na iya tsayawa a cikin zauren da hasken ƙofa kaɗai ke shiga ya ɗauki hoto mai kaifi ba tare da ya kafa komai ba. Fokas ɗinta ma yana bin fuska da ido, yayin da gangar jikin XF ke da gurbin fokas ɗaya tak a tsakiya, tsohuwar Hasselblad kuwa da hannu ake murɗawa.

Ga mai ƙeya, hanyar da ta fi tabbas ita ce ya kunna kallon kai-tsaye a allo, ya zuƙo wurin da yake so ya fi kaifi zuwa kashi ɗari, ya murɗa a hankali har gashin ido ko bakin harafi ya tsaya cak. Bayan ya ɗauka ya sake zuƙowa ya duba kafin ya motsa kyamara. Ya kuma kiyayi tsuke ƙofar haske fiye da kima. Da yake zurfin kaifi a babbar sensa gajere ne, zuciya takan raya wa mutum ya tafi f/22, amma daga f/16 haske yana fara watsewa a bakin ƙofar, hoton ya yi laushi ko'ina. Tsakanin f/8 da f/11 nan ne dausayin mafi yawan lens. Idan zurfin bai isa ba, sai a ɗauki hotuna da yawa ana gusar da fokas kaɗan-kaɗan, a haɗa su a manhaja. Wannan shawara ta shafi mai GFX ma, domin girman ƙwayar sensarsu ɗaya ne.

Inda ƙeya ta yi zarra

Da a ce a kan gangar jiki mai madubi kaɗai ƙeya ke aiki, da tuni dunƙulalliya ta kore ta daga kasuwa. Abin da ya riƙe ta shi ne kyamarar fasaha, irin waɗanda Alpa na Suwizalan da Cambo na Holan da Arca-Swiss suke ƙerawa. Wannan kyamara faranti ne kawai na ƙarfe, lens a gaba, ƙeya a baya, ana iya zame ɗayansu sama ko ƙasa, dama ko hagu. Lens ɗin da ake ɗora mata, na Rodenstock da Schneider na Jamus, suna zama kusa da sensa ƙwarai tunda babu madubi tsakani, kuma kaifinsu yana kaiwa har kusurwa.

A ɗauki misalin mai son hoton fuskar Gidan Makama a Kano, ko dogon bangon zaure mai zanen dagi. Da kyamarar yau da kullum sai ya ɗaga hancinta sama kafin zanko ya shigo, nan take bangon ya fara kwantawa baya, layukansa suna tsukewa. Da kyamarar fasaha sai ya daidaita ta tsaye cak da ma'aunin ruwa, ya zame lens sama milimita goma ko sha biyar, ginin ya shigo yana tsaye yadda magini ya gina shi. Idan faɗin bai isa ba, ya bar lens a inda yake, ya zame ƙeya hagu ya ɗauka, ya zame ta dama ya ɗauka, hotunan biyu su haɗu ba tare da ɗinki ya nuna ba. Fujifilm ta rage wannan tazara a 2023 da ta fitar da lens biyu masu zamewa, na milimita 30 da 110, amma zaɓin mai ƙeya ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Wannan falala tana da harajinta. Idan haske ya faɗa wa sensa a karkace, kamar yadda yake faruwa da lens mai faɗin gani ko wanda aka zame, gefe ɗaya na hoton yakan yi ja-ja ɗayan ya yi kore-kore, kusurwoyi su yi duhu. Maganinsa wani ɗan farin faranti ne na roba da haske ke ratsawa. Da zarar ka ɗauki hotonka, kada ka taɓa zamiya ko ƙofar haske. Ka kifa farantin a bakin lens, ka ƙara tsawon lokacin ɗauka kamar hawa biyu, ka sake dannawa. Za ka sami hoto fari-fat mai ɗauke da tabon launin, wanda manhajar Capture One za ta yi amfani da shi ta goge tabon daga ainihin hoton, har da ɗigon ƙura. Duk lokacin da ka canja zamiya sai ka sake. Sababbin sensa sun rage wannan matsala, amma mai hikima ba ya barin farantin a gida.

Sannan ga jerin abubuwan da hannu zai yi kafin kowace dannawa idan lens mai ƙyauren Copal ne, wato ƙyauren da ke buɗewa ya rufe a cikin lens ɗin: a buɗe shi a yi fokas, a rufe, a tsuke ƙofar haske, a ɗana, a tabbatar wayar da ke tsakanin lens da ƙeya tana ciki. Wasu tsofaffin ƙeyoyin ma sai an tashe su daga barci kafin a danna, in ba haka ba hoton ya fito da launi a hargitse. Hoto ɗaya na iya cin minti goma. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Wani fagen da ƙeya ta kafu shi ne adana kayan tarihi. Manyan ɗakunan karatu da gidajen tarihi na duniya suna amfani da ita wajen ɗaukar tsofaffin littattafai da zane-zane, saboda daidaiton launinta da yadda take aiki kai-tsaye da kwamfuta. Rubuce-rubucen Larabci da na ajami irin waɗanda ke Gidan Arewa a Kaduna, ko a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, irin aikinta ne: takarda ba ta motsi, haske a hannunka yake, kuma abin da ake so shi ne a ga bambancin baƙin tawada da jan wasali da cin gara, tare da alamar masana'antar takarda idan an haska ta daga baya. A irin wannan aiki a sa allon gwajin launi a farkon kowane zama, a daidaita fitilu biyu a kusurwa ɗaya daga dama da hagu, a tabbatar sensa da takarda suna fuskantar juna sak.

Filasha da rana

Lens ɗin da ke da ƙyaure a cikinsa yana tafiya da filasha a kowane sauri. Na tsohuwar Hasselblad yana kaiwa 1/500, na Schneider a kan XF har 1/1600. Amfanin wannan ga mai ɗaukar mutum a waje da tsakar rana babba ne, domin zai iya dusashe hasken rana ya bar filasha ta haska fuska, sararin sama ya fito shuɗi maimakon fari. GFX a nan tana baya, tunda ƙyaurenta a gaban sensa yake kuma iyakarsa da filasha 1/125. Amma X2D ta nuna cewa wannan falala ba ta ƙeya kaɗai ba ce, domin lens ɗinta ma masu ƙyaure ne, suna kaiwa 1/2000 ko fiye.

Ƙura, zafi da wuta

Da ka cire ƙeya, gilashin da ke kare sensarta a fili yake, ba rami ba kariya. Wannan ya sa goge ta ya fi na kowace kyamara sauƙi, ya kuma sa ta fi kowace saurin kwasar datti. A lokacin hunturu, sa'ad da ƙura ke rataye a iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kada a cire ta a fili. A shiga mota ko ɗaki, a kashe ta, a kifa fuskarta ƙasa, murfinta na hannu a shirye. A hura da famfon roba kafin a kai ga gogewa, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin ƙyalle ta isa ta ja layi a gilashin. Dunƙulalliya irin GFX an toshe gaɓoɓinta da roba saboda ƙura da yayyafi, tana kuma kaɗe sensarta da kanta. A wannan yanayi namu ta fi ƙeya juriya ƙwarai.

Zafi ma abokin gaba ne. Sensa mai zafi tana cika hoto da tsaki-tsaki, musamman a doguwar ɗauka. A bazara a kare ƙeya daga rana da lema ko farin ƙyalle, a rage barin kallon kai-tsaye a kunne. Mai ɗaukar dare ya sani cewa bayan ɗaukar minti biyar tsohuwar ƙeya za ta ƙara wasu biyar tana auna duhunta don ta cire tsakin, kada ya kashe ta a tsakiya. Batir kuma ba ya daɗewa, ga shi wani tsarin yana buƙatar biyu, na ƙeya da na gangar jiki. Inda wuta ba ta da tabbas, a fita da ninkin abin da ake zaton za a buƙata. Haka batun ajiya: hoton megafiksal 150 idan aka fitar da shi TIFF mai bit 16 yana kusan megabait 900, na 102 kuma ya ɗan haura 600.

Tarkon ta-hannu

Da yawa suna shiga wannan fage ta hanyar tsofaffin ƙeyoyi masu sensar CCD, irin P45+ mai megafiksal 39 ko P65+ mai 60, waɗanda farashinsu ya faɗi ƙwarai. A ISO 50 ko 100, da haske mai kyau, har gobe suna ba da launi mai daɗin kallo. Amma daga 400 hoton ya fara lalacewa, allonsu ƙarami ne da ba ya nuna ko fokas ya zauna, kuma da wayar FireWire suke magana da kwamfuta, ramin da kwamfutocin yau ba su da shi. Sai a 2014, da IQ250 ta zo da sensar CMOS, ƙeya ta iya aiki a ƙarancin haske. Wanda zai sayi ta-hannu ya tabbatar bakinta ya dace da kyamararsa, domin na Hasselblad V daban, na H daban, na Mamiya daban, na Contax daban. Ya ɗauki farin bango da sararin sama ya zuƙo ya nemi layi a tsaye ko rabuwar launi a tsakiya. Ya kuma tuna cewa in ta lalace, galibi sai an aika ta ƙasar waje.

Hukunci

Ga mafi yawan masu hoto a ƙasar Hausa, waɗanda abincinsu ke fitowa daga biki da suna da hoton 'yan kasuwa da tallan kaya, dunƙulalliya ita ce zaɓin hankali. A ranar Hawan Daushe, dawakai na sukuwa, ƙura ta turnuƙe, mahaya ba za su tsaya a kulle madubi ba, har GFX ma sai ta yi da gaske kafin ta kamo ƙaramar kyamara mai sauri. Ƙeya ta wanda abin ɗaukarsa ke zaune wuri ɗaya ce: gini, littafi, zane, kayan tarihi, shimfiɗar ƙasa da asuba. Shi ma sai in yana da mai biyan kuɗin wannan ƙarin inganci, yana kuma da haƙurin bin matakan nan ɗaya bayan ɗaya a kowane hoto, domin megafiksal 150 da aka ɗauka da rawar hannu bai kai 24 da aka ɗauka a natse ba. Kafin ka fitar da kuɗi, ka zauna ka duba hotuna ɗari na ƙarshe da aka biya ka a kansu, ka ƙirga nawa ne cikinsu abin da ka ɗauka zai iya jiran ka minti goma. Idan sun fi rabi, ƙeya za ta biya kanta. Idan ba su kai ba, ka sayi dunƙulalliya, ragowar kuɗin ka zuba su a lens da fitilu.